Sanarwar Bayan Taro Kan Sabon Wakilin Mazaɓar Agege Ta Biyu a Majalisar Dokokin Jihar Legas

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ƙungiyarmu, wadda ta tattaro 'yan kasuwa da masu sana'a 'yan Arewa mazauna Agege da kewaye, ta yi babban taronta a Zangon Agege cikin watan Yunin 2023, daidai da Zulƙidar 1444, kwanaki kaɗan bayan ƙaddamar da Majalisar Dokokin Jihar Legas ta goma a Alausa, Ikeja, ranar Talata 6 ga wata. An samu halartar wakilan 'yan goro, mahautan Oko-Oba, dillalan shanu da tumaki, 'yan gwari, 'yan canji, masu okada da keke, teloli, masu shayi, 'yan bola-jari, malaman Islamiyyu, da reshen mata da na matasa. Magana ɗaya aka zauna a kanta, wato sabon wakilin da Agege ta tura majalisa: inda ya fito, yadda zaɓensa ya gudana, da abin da muke son ya sa a gaba cikin shekara huɗu masu zuwa. Bayan doguwar muhawara, wadda ta ɗau zafi a wasu wuraren, taro ya amince a fitar da wannan sanarwa.

Wane ne sabon wakilin

Taro ya taya Onarabul Jubreel Ayodeji Abdulkareem na jam'iyyar APC murnar lashe kujerar Mazaɓar Agege ta Biyu a zaɓen ranar 18 ga Maris, 2023. Ya gaji Onarabul Oluyinka Ogundimu, wanda ya riƙe kujerar kafin shi, kuma taro ya yi masa fatan alheri a inda ya sa gaba. Haka nan taro ya taya Onarabul Mudashiru Obasa na Mazaɓar Agege ta Ɗaya murna, wanda 'yan majalisa suka sake zaɓa a matsayin Kakaki, muƙamin da yake riƙe da shi tun 2015, tare da mataimakiyarsa Onarabul Mojisola Meranda mai wakiltar Apapa ta Ɗaya.

A zauren majalisa Onarabul Jubreel sabon shiga ne, amma a Agege sanannen mutum ne, domin ya riƙe shugabancin Ƙaramar Hukumar Agege. Dattawan da suka yi magana a taron sun tsaya sosai a kan wannan. Wanda ya zauna kujerar ciyaman a nan ya san inda ake karɓar kuɗin rumfa da wanda ke karɓa, ya san kwatar da ke toshewa duk damina, ya san hanyar fadar Sarkin Hausawa ba tare da ɗan jagora ba, ya kuma san cewa in an ce za a tashi wata kasuwa, su waye ke kwana ba barci. Saboda haka taro ba ya ganin akwai buƙatar a ba shi shekara guda ta koyon aiki kamar yadda ake yi wa baƙin siyasa uzuri. Sanin da ya yi mana alheri ne gare mu, kuma hujja ce a kansa.

Taro ya kuma lura da cewa Agege tana da gatan da sauran ƙananan hukumomi 19 na jihar ba su da shi. Kujeru 40 ne a majalisar, biyu daga kowace ƙaramar hukuma, kuma ɗaya daga cikin namu biyun ita ce ta Kakaki. Shi ma Onarabul Obasa daga ƙasa ya taso, domin da kansila ya fara a nan Agege a 1999. Ke nan mutanen da ke wakiltarmu a Alausa duka biyu sun fito ne daga siyasar unguwa, kuma ba wanda zai ce bai san akwai Bahaushe a mazaɓarsa ba.

Yadda kamfe da zaɓe suka gudana

An buɗe kamfen na gwamnoni da 'yan majalisun jiha ranar 12 ga Oktoba, 2022, aka ƙare shi cikin wahalar da ba mu manta ba. Canjin kuɗi ya zo a tsakiyar lokacin, takardar naira ta ɓace daga hannun jama'a, kuma mu da yawancin cinikinmu hannu da hannu ne muka fi kowa ji a jika. Ɗan gwari ba ya iya ajiye tumatir ya jira tiransifa ta shigo, makiyayin da ya sayar da sa a kasuwar ƙauye kuma tsabar kuɗi yake so a ƙirga masa. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi har ƙarshen shekara. Zaɓen jihohi ma da aka sa ranar 11 ga Maris sai da aka ɗage shi da mako guda domin a sake saita na'urorin BVAS.

Sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu shi ya sauya yanayin kamfen a Legas. Peter Obi na jam'iyyar Labour ya samu ƙuri'a 582,454 a jihar, Bola Tinubu na APC ya samu 572,606. Tazarar ba ta kai dubu goma ba, kuma a gidan Tinubu aka yi. Cikin mako ukun da suka biyo baya kowace jam'iyya ta tuna da ƙofar sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni, aka yi ta sallama ana gaisuwa da Hausa mai gargada. A ranar 18 ga Maris Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya koma da ƙuri'a 762,134, Gbadebo Rhodes-Vivour na Labour ya samu 312,329, Abdul-Azeez Adediran na PDP ya samu 62,449. A majalisa APC ta ɗauki kujeru 38, Labour ta ɗauki biyu.

Wakilan matasa sun jawo hankalin taro ga wani lissafi. Masu rajistar zaɓe a Legas sun haura miliyan bakwai, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a a zaɓen gwamna ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. A jihar da jama'a ke zama gida ranar zaɓe, unguwar da ke fitowa ta yi layi tun asuba nauyinta ya fi yawanta. Mutanen Zango sun fito. Taro bai ce duk ɗan ƙungiya jam'iyya ɗaya ya zaɓa ba, kuma ba hurumin ƙungiya ba ne ta bincika, amma ba wanda ya tsaya a rumfunan zaɓen unguwanninmu da zai musa cewa mun fito.

Taro ya nuna takaicinsa kan kalaman ƙabilanci da suka cika kafafen sada zumunta tsakanin zaɓukan biyu, da rahotannin tsorata masu zaɓe a wasu sassan jihar. Wannan karon ba mu aka fi nufa ba, amma mun san yadda irin wannan wuta take. Rikicin Ketu da Mile 12 na 1999, na Idi-Araba a 2002, na Mile 12 a Maris 2016, da abin da ya faru a Fagba, nan maƙwabtanmu, a Oktoban 2020, duk da magana suka fara kafin a kai ga gawa. Taro ya yaba wa sarakunan Agege, na Yarbawa da na Hausawa, da limamai da shugabannin coci, bisa kwantar da hankalin matasa da suka yi.

Manufar da jam'iyyar sabon wakilin ta nemi ƙuri'a a kanta ita ce tsarin gwamnatin jiha da ake kira THEMES, wanda ya ƙunshi sufuri, lafiya da muhalli, ilimi da fasaha, bunƙasa tattalin arziki, nishaɗi da yawon buɗe ido, sai tsaro da shugabanci. A zango na biyu Mai Girma Gwamna ya ƙara masa abubuwa uku: tafiya da kowa ba tare da wariya ba, daidaito tsakanin maza da mata, da matasa. Taro ya riƙe na farkon cikin ukun nan, kuma da shi za mu riƙa auna wakilanmu.

Jawabin Kakaki da matsayin ƙungiya

Nan ne muhawara ta fi tsawo. A jawabinsa na karɓar muƙami ranar 6 ga Yuni, Mai Girma Kakaki ya jaddada cewa Legas ƙasar Yarbawa ce, ya kuma ce majalisa za ta yi dokoki kan tattalin arziki da kasuwanci da mallakar filaye da gidaje domin kare 'yan asalin jihar. Matasa sun so taro ya mayar da martani mai kaushi. Dattawa suka ce a fara ganin ƙudirin a rubuce kafin a yi masa hukunci. A ƙarshe an tsaya a kan abin da ke biye.

Ba mu taɓa cewa Legas ba ta da masu ita ba, kuma ba mu tare da masu faɗin haka. Bahaushe ya san darajar mai masauki. Kakanninmu da suka sauka a nan sun nemi izinin masu ƙasa kafin su kafa zango, kuma har gobe Sarkin Hausawan Agege, Alhaji Musa Muhammad Dogon Kadai, yana zaune lafiya da Olu na Agege, Oba Kamila Isiba, da sauran iyayen ƙasa.

Amma zamanmu a nan ba na jiya ba ne. Jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Ibadan a 1901, ya haɗa ta da Kano a 1912, kuma Agege tasha ce a kan wannan layi. A da fatake sai sun yi watanni a hanyar Gwanja kafin su kawo goro Kano da Sakkwato. Da manoman wannan yanki, irin su J. K. Coker da abokansa da suka kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907, suka cika dazukan nan da koko da goro, sai fataucin ya juyo nan. Bayarabe ya noma, Bahaushe ya saya ya ɗaure a huhu ya ɗora a jirgi. A kan wannan ciniki garin ya girma. Daga baya shanu suka biyo layin dogon zuwa kudu, mayankar Oko-Oba ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren da naman da Legas ke ci yake fitowa. Makarantar Markaz da Shehu Adamu Abdullahi Al-Ilori ya kafa a Abeokuta a 1952, ya dawo da ita Agege bayan 'yan shekaru, ta yaye 'ya'yan Yarbawa da na Hausawa a aji ɗaya. A cikin zauren taronmu akwai mutanen da a nan aka haifi kakanninsu, Yarbanci a bakinsu kamar Hausa, uwayen wasunsu ma Yarbawa ne. In aka ce wa irin waɗannan su koma gida, Agege za su nuna.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya riga ya yi magana. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama a duk inda ya so a ƙasar, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini, sashe na 43 kuma ya ba shi damar mallakar fili ko gida a ko'ina. Dokar jiha ba ta tsallake waɗannan. Don haka taro yana roƙon Onarabul Jubreel, duk ranar da ƙudiri irin wannan ya zo zaure, ya tambaya a bainar jama'a wa ake nufi da ɗan asali, kuma mene ne matsayin wanda aka haifa a Isale Oja shekara sittin da suka wuce, yana biyan haraji, yana da takardar gidansa. Idan manufar dokar ita ce a hana 'yan ƙwacen fili da manyan masu kuɗi korar talaka daga gidan gadonsa, muna goyon baya, domin mu ma suna cinmu, kuma akwai dokar kare kadarori ta 2016 da ke jiran a yi aiki da ita yadda ya kamata. Idan kuwa manufar ita ce a raba mazauna gida biyu, za mu bi duk hanyar da doka ta buɗe mu ƙi ta.

Abin da muke son ya sa a gaba

Taro ya tunatar da mambobi cewa ɗan majalisar jiha ba shi ke ba da kwangila ba. Aikinsa yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, tantance kwamishinoni, da bin diddigin yadda aka kashe kuɗin jama'a, kamar yadda sashe na 128 da na 129 suka ba majalisa ikon bincike da kiran kowane jami'i. Kasafin Legas na 2023 naira tiriliyan 1.768 ne. Wanda ke da ƙuri'a a kan irin wannan kuɗi, ɓata shi ne a riƙa tare shi a ƙofar gida da takardar asibiti da katin suna. Buƙatunmu na doka ne da kasafi.

Maganar okada ita ce gaba. Dokar sufuri ta 2018 ta hana babura hawa manyan tituna da gadoji. Ranar 1 ga Yuni, 2022 gwamnati ta haramta su ɗungurungum a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, ranar 1 ga Satumba kuma ta ƙara da Kosofe, Oshodi-Isolo, Somolu da Mushin. Babur da aka kama niƙe shi ake yi. Agege ba ta cikin jerin, amma tana iyaka da Ikeja, kuma wakilan masu okada sun shaida wa taro cewa waɗanda aka koro daga can nan suka tattaro, fasinja bai ƙaru ba, masu ɗauka sun ninka. Sannan ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga wajen naira 185 zuwa 488 a gidajen man NNPC na Legas. Taro bai kare masu tuƙin ganganci ko masu ɗaukar doka a hannu ba, mun san akwai su a cikinmu kuma su suka jawo wa sauran. Abin da muke nema shi ne a yi rajistar masu sana'ar a Agege da lamba da shaidar mai tsaya musu, a bayyana titunan da aka hana da allo ƙarara yadda yaro ba zai faɗa tarko bai sani ba, kuma duk wanda aka kama a kai shi gaban kotu ya ji laifinsa. Idan wata rana za a faɗaɗa haramcin zuwa nan, a fara da samar da madadi. Ƙananan motocin unguwa da gwamnati ta ƙaddamar a 2021 hanya ce, in aka bar ƙungiyoyin masu okada su shiga ta hanyar adashi da biya sannu a hankali. Asusun samar da aikin yi na jiha, LSETF, wanda aka kafa a 2016, ya kamata ya san hanyar Zango.

Sai mayanka da kara. Mahauta sun yi bayani mai tsawo kan ruwa, magudanar jini da tumbi, hanyar da tirela ke bi ta sauke shanu, da yawan hannayen da ake miƙo wa dabba tun daga shigowarta jihar har ta kai ƙugiya. Kowane rasit a kan farashin nama yake ƙarewa, mai saye a Ikoyi da mai saye a Dopemu su ke biya. Taro yana neman a haɗe kuɗaɗen su zama guda, a rubuta su a allo a bakin ƙofa, a san asusun da suke shiga. Game da dokar hana kiwon sake da Gwamna ya sa wa hannu a Satumban 2021, taro ya lura cewa a Legas dabbobin kasuwa ne suka fi yawa, masu jiran wuƙa. Suna buƙatar wurin tsayuwa da ruwa da ciyawa na 'yan kwanaki. A ware wannan wuri a cikin kasafi, dokar za ta yi aiki ba tare da rigima ba. Babbar Sallah tana ƙarshen wannan wata, kuma taro yana roƙon ƙaramar hukuma ta nuna wa masu raguna inda za su tsaya tun yanzu.

Layin dogo shi ya kafa garin nan, shi ne kuma ke sake fasalinsa. An buɗe gadar Pen Cinema a Maris 2021, aka ƙaddamar da sabon layin Legas zuwa Ibadan a Yunin shekarar, da tasharsa ta Agege mai sunan Babatunde Raji Fashola, yanzu kuma ana aikin Jan Layi daga Agbado zuwa Oyingbo. Muna maraba da duk wannan. Hatsarin ranar 9 ga Maris na bana, inda jirgi ya yi karo da motar ma'aikatan jiha a mararrabar PWD aka rasa rayuka, ya isa gargaɗi, kuma taro ya umarci mambobinsa masu baza kaya a kan dogo su janye. Amma a gina gadojin ƙafa a inda mutane ke tsallakawa da gaske, kuma idan za a tashi masu kasuwa a ba su wa'adi a rubuce da wurin komawa. Rusau da daddare ba ya gyara gari. Gyaran kundin tsarin mulki da aka sa wa hannu a Maris ya ba jihohi iko a kan jiragen ƙasa da wutar lantarki, don haka dokokin waɗannan fannoni biyu a wannan majalisa za a rubuta su, kuma teloli da masu walda da masu sayar da ƙanƙara suna son a ji su kafin a rubuta ta lantarki.

Reshen mata ya kawo maganar haya. Dokar haya ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta sa tarar naira dubu ɗari ko ɗaurin wata uku, ta kuma ce mai biyan shekara-shekara sai an ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi. Agege tana cikin inda dokar ta shafa. Duk da haka ana karɓar shekara biyu, a ɗora la'adar dillali da kuɗin yarjejeniya, wani lokaci ma da an ji sunan mai nema sai a ce ɗakin ya kamu. Taro yana neman majalisa ta duba dalilin da ya sa doka mai shekara goma sha biyu ba ta da haƙori, ta kuma sa iyaka ga la'ada. Matan sun ƙara da asibitocin unguwa da inshorar lafiya ta Ilera Eko, wadda da yawansu ba su san da ita ba sai a wajen taron. A sa masu jin Hausa a wajen rajista da awon ciki.

Kan ilimi magana gajera ce. Makarantun gwamnati a buɗe suke ga 'ya'yanmu, jiha tana biyan kuɗin jarrabawar WAEC na ɗalibanta, kuma dokar kare haƙƙin yara ta Legas ta 2007 tana aiki a kanmu kamar kowa. Muna neman ƙarin azuzuwa da ajin yaƙi da jahilci na dare. Sauran aikin namu ne.

Majalisa kan yi zamanta na ranar Alhamis da Yarbanci, akwai kuma dokar 2018 ta raya harshen. Wannan haƙƙinsu ne, 'ya'yanmu ma suna koyo. Abin da muke roƙo shi ne duk ƙudirin da ya shafi kasuwa, sufuri, dabbobi ko haya a aiko da sanarwar zaman jin ra'ayin jama'a zuwa fadar Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwanni da wuri, tare da taƙaitaccen bayani da Hausa. Zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi. Taron masu ruwa da tsaki da majalisa ta saba yi a mazaɓu kuma, muna son a kawo shi Zango ko sau ɗaya a wannan zango na mulki.

Daga ƙarshe a wannan ɓangare, a 2019 Gwamna ya saka ɗan Arewa, Akitek Kabiru Ahmed Abdullahi, cikin majalisar zartarwarsa, majalisa ta tantance shi. Yanzu da ake jiran sabon jerin sunaye, taro yana fatan ƙofar da aka buɗe ba za a rufe ta ba.

Abin da ya rage a kanmu

Taro ya ɗora wa mambobinsa wasu abubuwa, kuma shugabannin rassa ne za su bi su. Kowane mamba ya yi katin zama ɗan jiha na LASRRA, ya yi wa iyalinsa. Wanda katin zaɓensa ke Katsina ko Birnin Kebbi alhali a nan yake kwana yake tashi, ya dawo da shi nan da zarar hukumar zaɓe ta sake buɗe rajista. Ƙidayar jama'a da aka shirya farawa ranar 3 ga Mayu an ɗage ta, amma duk ranar da aka sa, a ƙirga mu a inda muke zaune. A ƙidayar 2006 an ba Agege mutum wajen dubu 460, kuma da irin wannan adadi ake rabon makarantu da asibitoci. Mutum ya hau mota ya tafi gida don a ƙirga shi a can, sannan ya dawo yana kukan ba a yi wa unguwarsa kwata ba, wannan ɗabi'a taro ya ce ta isa haka.

Masu saukar baƙi su san wanda suka saukar, su kai sunansa ga mai unguwa. Kada a bar yaro ƙarami yana bara a kan gada ko yana tura baro lokacin makaranta. A riƙa karɓar rasit a ajiye, domin da shi za mu yi magana idan an zo zaman majalisa. An kafa kwamiti da ya haɗa dattijo, malami, lauya, mace da matashi, wanda zai riƙa bibiyar zaman majalisa yana kawo rahoto duk wata uku: sau nawa wakilanmu suka yi magana, a kan me, kuma ina suka jefa ƙuri'a. Shi ne kuma zai kai wannan sanarwa ofisoshin wakilan biyu, da na shugabannin Ƙaramar Hukumar Agege da yankin raya ƙasa na Orile-Agege, bayan an fara kai ta ga iyayenmu sarakuna.

Zaɓen ƙananan hukumomi na baya an yi shi a Yulin 2021, mai zuwa yana 2025. Tun da gyaran 2018 ya sauko da shekarun tsayawa takarar majalisar jiha zuwa 25, kuma duka wakilanmu biyu daga ƙaramar hukuma suka faro, taro yana kira ga matasanmu masu ilimi da aka haifa a nan su yanki katin jam'iyyar da ta kwanta musu, su riƙa halartar taron gunduma tun yanzu, su nemi kansila.

Taro ya yi addu'ar Allah Ya yi wa Onarabul Jubreel Abdulkareem jagora, Ya haɗa shi da mashawarta na gari, Ya zaunar da Agege da Legas da Najeriya lafiya. Ƙungiya tana neman ya ba ta lokacin ganawa bayan Sallah, kafin a kawo kasafin 2024 gaban majalisa.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Sakataren Ƙungiya
A madadin mahalarta taro, Zangon Agege, Jihar Legas, Yuni 2023.